Yadda Muka Rasa Dakta Nasiru

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka je rigakafin shanu wata ruga bayan Fagada. Ni ne babban malamin dabbobi a ofishinmu na Jega, amma Dakta Nasiru, yaro sabon fitowa daga jami'a, shi ne likitan dabbobi, don haka yana gaba da ni a muƙami. Ban ji haushi ba, don yana da hannu.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, makiyayi ba ya barin saniya ta zama mushe. Da ya ga ta faɗi sai ya sa wuƙa, a feɗe, a raba nama. Haka aka yi a rugar kafin zuwanmu. Muna cikin allura sai Ardon rugar ya jawo ɗansa Jauro, magidanci mai 'ya'ya, ya ce, "Likita, duba mani hannun ga. Tun da munka hiɗe saniya yat tashi."

Gyambo ne mai baƙin kai, ya kumbura har gwiwar hannu. Nasiru ya dube ni, na dube shi. Ciwon saifa ne, wanda ke kashe saniya farat ɗaya, yana kuma kama wanda ya taɓa jininta.

Ardo ya nuna akwatinmu. "Ga allura nan, ka yi mai."

Nasiru ya ce doka ta hana shi, maganin na shanu ne, kuma su kai Jauro asibitin Maiyama yau, kada a kwana. Har yanzu ina cewa daidai ya yi. Ardo ya yi godiya, muka ci gaba da aiki.

Ba su kai shi ba. Da muka koma allura ta biyu, ta'aziyyar Jauro muka tarar. Ardo bai zargi kowa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Cewa ya yi, "Mun ga likita ya duba bai yi allura ba, sai munka ɗauka abin ba shi da nauyi."

Kafin damina ta fita Nasiru ya ajiye aiki, ya sake zana jarrabawar shiga jami'a, yana neman karatun likitan mutane daga tushe, tare da sa'o'in ƙannensa. Na yi masa faɗa, na ce shanun fa? Ya ce, "Malam, na san ciwon, na san maganin, na rufe akwati. Ba zan iya sake yin haka ba."

Ku sababbin ma'aikata da za ku shiga daji, ku sani mutanen nan hannunku suke kallo, ba bakinku ba. In kun ce a tafi asibiti, ku tsaya har a hau babur.

Nasiru bai samu gurbi a karon farko ba, yana jiran na biyu. Mu kuma ba a aiko mana da wani ba.