Wata Uku a Ɗakin Inna Hajjo

Ranar wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Baba ya shigo gida ɗauke da akwatin bidiyo a kafaɗa, ya lulluɓe shi da dardumar sallarsa saboda yayyafi. A ranar na cika kwana ashirin kwance a ɗakin kakata Inna Hajjo, a gidanmu na Wunti. Na faɗo ne daga katangar makaranta garin tsinkar gwaiba, ƙafar dama ta karye. Maɗori ya ɗaure ta da karare da tsumma daga gwiwa har idon sawu, ya ce kada in taka ƙasa sai ya ba da izini.

Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma can sama kusa da rufi, ba na hango komai sai reshen dalbejiyar maƙwabta. Duk abin da ke faruwa a duniya da kunne nake sanin sa: ƙarar keken ɗinkin Baba a zaure, dakan Umma a tsakar gida, ihun ƙawayena suna 'yar gala-gala a lungu. Sharar safe da kai niƙa, waɗanda a da nake ɓuya a bayan rumbu don in kauce musu, sai ga shi ina kuka don an aiki ƙanwata maimakon ni. Ko bayan gida ba na zuwa, sai dai a kawo min fo a rufe ƙofa, wannan kuwa ya fi ciwon ƙafar ƙona min rai.

Akwatin na wani soja ne a barikin Shadawanka, wanda Baba ke yi wa ɗinki. An tura shi aiki kudu, ya bar mana aro da kaset ɗaya tak. Baba ya ɗauko talabijin daga ɗakinsa, ya ɗora a kan akwatin kayan Inna, ya jona. Tsohon fim ɗin katun ne mai tsawo, kalarsa ta koɗe, labarin wani maraƙi da ya ɓace daga garke. Baba ya ce fim ɗin ya girme shi. "Duk motsin da kika gani, da hannu aka zana shi, takarda bayan takarda," in ji shi, yana girgiza kai irin na wanda ya san wahalar aikin hannu.

Inna ta ce ita ba ta kallon 'ya'yan aljanu, ta juya baya tana jan carbi. A rana ta uku na kama ta tana satar kallo. Bafulatana ce, ta yi kiwo da ƙuruciya a wajen Tirwun tun babu gidaje a wurin. Ta daɗe tana duban maraƙin, sannan ta ce, "Wanda ya zana wannan ya zauna da shanu. Dubi yadda yake fara tashi da ƙafafun baya." Daga ranar ta matso da tabarmarta. Turancin ba ma jin sa, sai ita ta raɗa wa kowace dabba suna, ta riƙa faɗin abin da suke cewa. Matsalar ɗaya ce: daidai inda maraƙin ya faɗa rafi ruwa na jan sa, sai hoton ya yanke, bikin sunan ɗan sojan ya fito, mata suna rabon shinkafa. A kan ƙarshen fim ɗin aka ɗauki bikin. Kullum aka kawo wuta mukan kalla daga farko, kullum kuma a nan yake tsayawa.

Bayan sati shida maɗori ya kwance ɗaurin. Ƙafar ta haɗe a karkace. Aka kai ni asibiti, suka sake gyara ƙashin, suka sa min filasta har cinya, aka dawo da ni gadon nan na wasu sati shida. Ina kwance aka yi jarrabawa, aka aiko cewa zan maimaita aji. Ƙawayena suka rage leƙowa. Na daina cin abinci, na juya fuskata bango, na ce a kashe talabijin, domin na tsani ganin abin da aka zana a takarda yana gudu, ni mai rai ba na iya taku ɗaya.

A makon ne aka zo ɗaukar Inna zuwa bikin jikar ƙanwarta, bikin da ta yi wata biyu tana shiri. Ta riga ta ɗaura sabon zane. Ta dubi kwanon tuwona da ban taɓa ba, ta ce wa Baba su tafi kawai. Ta zauna bakin gadon, ta ajiye nata kwanon kusa da nawa, ta rufe. "Idan ba ki ci ba, ni ma na ƙoshi," ta ce. Har la'asar ba wadda ta buɗe kwanonta. Da aka kawo wuta, ita da ba ta taɓa taɓa akwatin ba ta tashi ta tura kaset ɗin a juye, ya ƙi shiga, ta sake turawa. Ban san lokacin da na yi dariya ba. Na nuna mata yadda ake yi, muka ci tuwon da sanyinsa muna kallo.

Da kaka aka yanke filastar. Na fito tsakar gida da sanda, hasken rana ya sa idona hawaye. Ƙafar ta ɗan gajarta, har yau ina ɗingishi. Sojan ya dawo ya karɓi kayansa, na koma aji huɗu cikin ƙannena, Inna kuma ta rasu bayan shekara biyu.

Yanzu 'ya'yana suna da katun iri-iri a waya, kowa da nasa a kusurwarsa, kafin wannan ya kai rabi sun tsallaka wani. Idan ɗayansu ya kwanta zazzaɓi nakan bar aikina in zauna gefensa, in riƙa tambayarsa wane ne wannan, me ya ce, shi kuma ya yi ta mamakin uwa da ba ta gane katun. Ba na kewar ɗakin nan ko kaɗan. Wadda ta zauna da ni a cikinsa nake kewa.