Aladen Obed da Murhun Nesta

"Ki ba ni ƙarafan murhunki uku, in ba ki aladena."

Nesta ta ɗago kai daga tukunyar rogo ta dubi Obed Maelagi. "Baba ɗan gwangwan, tsufa ya taɓa ka ne? Aladen da ka turke don walimar ajiye aikinka?"

"Shi. Amma ki kwashi jikokinki ku je ku kamo shi da kanku. Yanzu."

"To kada ka zo min gobe kana kuka!"

Ta tafi tana dariya. Shi ko ya durƙusa gaban murhun.

Shekara arba'in ke nan kullum safiya Obed yake share rumfar kwanon da ke bayan gidansa, ya shafa wa hulunan ƙarfe man kwakwa, ya jera gorunan ruwan sojojin Japan da na Amurka da babban yaƙi ya bari a tsibirinmu. Ba mai biyansa. A nan ya koyi bambanta ƙarfen da ya mutu da wanda barci kawai yake. Ba a banza ya koya ba, yatsunsa biyu da ƙanensa sun tafi ranar da masunta suka sa wa harsashin igwa zarto don su ɗebi albarushin kashe kifi.

Matanmu na son irin waɗannan harsasan igwa a murhu, don ba sa tsagewa kamar dutse. Na Nesta ruwan sama ne ya tono su a gonarta. Biyu fanko ne. Na ukun kuwa cike yake, kan da ke tayar da shi na nan daram, ga wuta a gindinsa, har ya fara tsattsafo da wani ruwa rawaya.

Da Obed ya yi ihu, da gari ya taru kallo, kafin magariba kuma da masunta sun sace harsashin. Sai ya yi ciniki.

Waɗanda suka hango shi daga bakin ruwa sun ce a durƙushe ya riƙa zare itace ɗaya-ɗaya, bai yarda ya watsa ruwa ba, leɓensa na motsi. Kwana biyu yana gadin wurin, har masu kwance bam suka iso a jirgin ruwa. Da suka tarwatsa harsashin can bayan gari, sai da gilasan coci suka zube. Nesta ta zauna daɓas a ƙasa.

Obed, kai ne mai jin tsoro a madadin gari. Idonka ya raunana, ka miƙa wa 'yarka makullin rumfar kwanon, mun gode. Ku kuma 'yan baya, kowane ƙarfe ƙasa ta tofo, ku tambaya kafin ku taɓa.

Walimarsa da rogo da kifi aka ci ta. Obed ya yi asarar alade, masunta sun yi asarar albarushi. Nesta ta ci riba biyu: ga alade, ga jikoki biyar masu zagaya shi da ƙafafunsu.