Harshen Sossa da Motar Gishiri

A duk filin motocin Sekanji babu mai gyaran waya irin Sossa, kuma babu mai ƙazantar aiki irinsa. Wasu na'ura suke jonawa ƙarƙashin sitiyari su jira ta faɗa musu ciwon. Shi ma yana jonawa, amma daga nan sai ya ɗaga kafet ya lashi bakin waya kamar akuya ta samu kanwa. Motar zamani ƙwaƙwalwa gare ta barkatai: ta inji daban, ta birki daban, ta giya daban, suna gulmarsu ta wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu kamar kitso. In ɗaya ta yi gaba da sauran, Sossa ake kira ya sasanta.

Rumfarsa ta kawunsa ce, Gbagidi dillali, mai tumbi kamar randa, wanda ya riƙe shi tun yana tsumman goyo.

Wata safiya aka turo jar mota daga tashar jirgin ruwa, tana sheƙi, ta sha turare har da hawa kai. Fitilun gargaɗi na gaban direba kuwa duk a kunne. Na'ura ta ce ƙwaƙwalwar birki ba ta amsawa. Can ta amsa, can ta sake yin gum. Sossa ya ɗaga kafet, ya ga koriyar tsatsa, ya lasa, ya tofar.

"Kawu, wannan ta kwana a teku kafin a ɗoro ta. Gishiri na cin ta daga ciki."

"To, kuku, ka ɗanɗana miya? Saura ka nemo tuwon masara." Dillalai suka kwashe da dariya, Gbagidi ya ci gaba: "Buɗe gilashin nan ka liƙe fitilun da baƙin salatif, kamar yadda kowa ke yi. Wani direban Paraku, can arewa, na tafe ya saye ta."

"Yau birki zai ji, gobe ba zai ji ba. Mutane zai ɗiba, Kawu."

"Ni na haife su? Kai dai na ciyar. Ka liƙe, ko ka kwashe tarkacenka."

Sossa ya daɗe a durƙushe, salatif a hannu. A wurinsu ɗa ba ya cewa ɗan'uwan uwarsa a'a a bainar jama'a. Bai ce ba kuwa. Ajiye salatif ɗin ya yi a kan kujera, ya naɗe wayoyinsa, ya rusuna ya fita.

Kada ku ɗauka ya ceci kowa. Kafin rana ta take, mai gyaran rumfar gaba ya liƙe fitilun tas. Sossa na tsaye bakin titi cikin 'yan kabu-kabu masu rigar ɗorawa jar motar ta fito. Ya bi ta da gudu yana ihu, "Fofo! Yayana! Birkin!" Direban ya ɗauka bara yake, ya ɗago masa hannu yana murmushi, ya ƙara wuta.

Yanzu gindin mangwaro yake aiki a Godome, rediyo manne da kunne. Da an ambaci haɗari a hanyar arewa sai ya saki abin da ke hannunsa, ya bi direbobi yana tambaya, "Wace kala ce?" Har yau ba a ce masa ja ba. Matarsa Afiavi ta ce ya hana ta sa gishiri a miya, wai bakinsa cike yake da shi.