Zaurena Ya Tsira

Shekara da shekaru 'yan lajna, wato kwamitin tsohuwar unguwarmu a Mai Wurno, suna hana ni shafa wa zaurena siminti, wai ginin kakanni ne. Duk damina ruwa ya ci bango, in koma kwaɓa laka da kashin shanu.

Jiya shugabansu ya ga tsagar bangon, har hannu na shiga.

Na ce, "Sai ya faɗo mini za ku yarda?"

Ya ce, "Haba ya Hajji! Gina jan bulo ta ciki, waje dai a bar masa yaɓensa."

Alhamdu lillahi, bana ko ana tsawa zan yi barci.

To, ashe ana iya hakanga, don mi ba a gaya mini ba tun bayana na da ƙarfi? 'Yan lajna, ina jiran amsarku a nan!