Wutar da Na Kunna wa Baba

Shekarar da fetur ya gagari talaka, mu manoman rani na tsakanin Kura da Bunkure muka koma tayar da injinan ban-ruwa da gas ɗin girki. Makanike ya ɗan taɓa injin, ka ɗaure tukunyar gas a bayan babur, sai gona. Ni ma na bi sahu. Na ɗauke ƙaramar tukunyar da matata ke girki da ita, irin mai kan girki a sama, na kwance kan na rataye a rumfa, ita kuma ta koma hura itace tana harara ta. A lokacin ina ganin kaina mai dabara ƙwarai, kuma ba na ɓoye wa kowa hakan.

Da sanyi ya shigo sai ya kama Baba a ƙafafu. Tsoho ne da ya ƙarar da ƙarfinsa tsaye cikin ruwa yana shayar da alkama da tumatir, ga shi kuma ƙauyenmu ruwa ne ta kowace fuska. Da asuba sai in same shi a dunƙule cikin bargo, haƙoransa na haɗuwa. Abin yana damuna sosai. Kasko da gawayi kuwa na hana, domin kowa a garin ya san illar hayaƙinsa a rufaffen ɗaki. Sai dabarata ta motsa: gas ai ba shi da hayaƙi. Na sauko da kan nan daga rumfa, inda ya yi watanni a rataye, na ɗaura shi. Bayan sallar asuba in kunna a ɗakin Baba, in aza buta, in toshe taga da buhu, in ja ƙofa. Da hantsi in dawo in kashe, in kwance kan, in wuce gona da tukunyar. Tukunya ɗaya aiki biyu, har labari nake bayarwa a wurin mai shayi.

Ɗakin ya yi ɗumi kam. Amma Baba ya fara ciwon kai, ga tashin zuciya, ga barcin safe mai nauyi wanda ba halinsa ba ne. Na ce zazzaɓi ne, tunda sauro ba ya barin mu ko da sanyi, na sayo magani a kemis. Ya karɓa ya sha.

A rana ta biyar gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo gaishe shi. Sana'arta turara shinkafa, tun tana budurwa take gaban murhu. Ina wurin mai shayi matata ta zo da gudu ba ko mayafin kirki. Na iske ƙofar a wangale, buhun taga a ƙasa, an kashe gas, ita da Gwaggo sun jawo Baba da tabarmarsa zuwa tsakar gida. Ana kiran sa yana buɗe ido da ƙyar. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan safiya ba.

Sai da muka dawo daga asibiti, aka ce ya tsallake, sannan Gwaggo ta zaunar da ni. Ta juya gindin butar, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ta ce da ta shiga wutar ja ce tana lilo, alhali wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. Ta ɗauki tsinke ta zura a ramin da iska ke shiga kan, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Ashe zanzaro ya yi gini a ciki tun yana rataye a rumfa. Ma'aikaciyar asibitin ma ta riga ta gaya min cewa ko da kan gas ɗin lafiyarsa ƙalau, ba a ɗumama rufaffen ɗaki da shi, domin abin da ke kisa ba shi da wari, ba a kuma ganin sa.

"Kai injin ka sani, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Wuta kuwa ka bar mana."

Washegari da sassafe sai ga ta da daro a ka. Tubali biyu ne ta jera a gefen murhunta tun da ta hura wutar ɓuntun shinkafa, suka ɗau zafi, ta naɗe su da tsohon zane. Ta sa ɗaya a ƙafafun Baba, ɗaya a bayansa, ta bar taga a ɗan buɗe. Har rana ta ɗaga da sauran ɗuminsu. Na ce ta bari matata ta riƙa yi a namu murhun, tunda gidanta can ƙarshen gari yake. Ta ce in kama bakina, yayanta ne. Haka ta yi ta kawowa kullum har sanyi ya wuce. Duk godiyar da na yi mata ban ji ta isa ba, har yau kuma ina yi mata addu'a a bayan kowace salla. Tukunyar gas kuwa ta koma wa mai ita, a madafa mai buɗaɗɗen gefe, bayan mai gyara ya duba ta.

Wata safiya ina gyara wa Baba tubalin, na daure na roƙe shi gafara. Na ce da na san wutar ce ke sa shi ciwo da ban kunna ba. Ya ce shi tun rana ta biyu ya gane, domin da na fita da ita kansa ke sakin sa.

"To me ya hana ka faɗa, Baba?"

"Na ga yadda kake shigowa da ita kana murna," in ji shi. "Na ce bari in daure maka, sanyi ai wucewa zai yi."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da lulluɓe masa ƙafafu, don kada ya ga idona.