Farar Rigar Baftismata

Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuta wannan. Ni ɗaliba ce kawai, ban iya magana a gaban manya ba. Amma tun da na ɓace daga makaranta da coci kuna ta tambayar Mama, ita kuwa da ta buɗe baki sai kuka. Shi ya sa na ce bari in faɗa da kaina.

Ni ce Alheri, 'yar Baba Yohanna mai gyaran mota a Ras Al Khor, nan Dubai.

Abin ya fara ne da kumburin ƙafa. Takalmin makaranta ya daina shiga. Mama ta ce tsayuwa ce a jirgin ƙasa na metiro. Daga nan fuskata ta kumbura, abinci ya daina zama a cikina.

A lokacin ina ajin baftisma. A cocinmu ba a yayyafa ruwa, nutsar da mutum ake yi gaba ɗaya. Mama ta riga ta sayo farin yadi a Deira, ta ɗinka min riga da hannunta, ta rataye ta a bayan ƙofar ɗakinmu a Al Muraqqabat.

Wata Juma'a, ranar da muke sujada a nan, na faɗi a bakin coci.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka yi hoton ciki. Likitan ya zauna, ya cire tabarau, ya ce wa Baba, "Ƙodojinta duka biyu sun gaza."

Baba ya ce, "To a ba ta magani."

Likita ya ce, "Ba maganin da zai tashe su. Sai wankin ƙoda."

Aka sa min roba a ƙirji, wadda ake haɗawa da na'ura sau uku a mako. Nas ɗin, wata Balarabiya, ta riƙe hannuna ta ce, "Habibti, ruwa kada ya taɓa wurin nan. Ba wankan shawa, ba iyo. Khalas, shi ke nan." Ko ruwan sha ma awo ake yi min. A zafin Dubai ƙanƙara nake tsotsa.

Ban tambaye ta ko zan mutu ba. Na tambaye ta baftisma fa? Ta girgiza kai.

Baba Fasto ya zo duba ni. Na roƙe shi ko a kai ya zuba min kaɗan. Ya ce, "'Yata, ba ni kaɗai ke yanke wannan ba, kuma dattawa ba za su yarda ba. Mu jira a cire robar. Yesu ya san nasa." Na ce to. Da ya fita na juya fuskata bango.

Ina tsoron in mutu ban shiga ruwan ba. Na san abin da aka koya mana, cewa bangaskiya ce ke ceto. Sanin bai hana ni tsoro ba.

A ɗakin wankin ƙoda na haɗu da Yaya Ladi, mai goge ƙasa. Ta ji ina waya da Mama, ta tsaya da tsintsiyarta ta ce, "Ke, Hausa a nan? 'Yar ina ce?" Ashe garinsu kusa da namu ne a kudancin Kaduna.

Ta ga takardun ajin baftisma a cinyata, ta yi dariya. "Ana wanke miki jini kina karatun jarrabawar Allah? Ni tun da na sauka a garin nan ban taka coci ba. Ko a gida ma rakiya nake yi."

Na ce, "Yaya, ki yi min tambayoyin mana, idona na juyawa."

Haka muka fara. Tana goge ƙarƙashin gadona a hankali don kada ta gama da wuri, tana karanto tambaya ina amsawa. Daga baya tambayoyin suka zama nata. Ta ce, "Ƙanwata, shi Yesun da ya bar ki a kan wannan na'ura, me kike so a wurinsa?" Na ce ban san inda zan je ba in na bar shi. Ta yi tsaki ta tafi. Juma'ar da ta biyo sai ga ta a coci, a kujerar baya. Ba a daɗe ba ta shiga ajin baftisma.

An yi min aiki a hannu don a haɗa jijiya a cire robar. Jijiyar ta toshe. An gwada Mama ko za ta ba ni ƙoda, jininmu bai dace ba. Inshorar aikin Baba ba ta ɗaukar komai da komai, na ga ya daina sayen nama bai ce wa kowa ba.

Ranar baftisma ta zo. Yaya Ladi na cikin waɗanda za a yi wa, amma ba ta da farar riga. Na daɗe ina kallon tawa a bayan ƙofa. Na yi addu'a, na ce Ubangiji, ban yarda da zuciya ɗaya ba, amma ga ta.

Na ba Yaya Ladi rigar ta gwada, ta ɗan matse ta a kafaɗa. Ta ce, "Ke dai ba ki da jiki, kamar tsinke."

Ni aka ba riƙon tawul, nesa da bakin ruwa. Da ta fito tana ɗiga ta buɗe hannu za ta rungume ni, Mama ta yi ihu, "Ladi, robar!" Ta tsaya cak. Na miƙa mata tawul daga inda nake.

Na yi kuka ranar, kuma ba duka na murna ba ne.

Yanzu an sallame ni, na koma makaranta rabi-rabi. Kumburin ya sauka. Likita ya ce wannan shi ne sauƙin da zan samu sai in an sami ƙoda. Robar tana nan.

Na gode wa Mama da Baba, da zumuntar mata da suka yi ta kawo mana abinci, da ku masu addu'a. Don Allah in ƙafar yaro ta kumbura kada a ce gajiya ce, a je a gwada jini da fitsari. In kuma kun je duba mara lafiya, kada ku ce masa bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan.

Yaya Ladi ta wanke rigar, ta goge, ta dawo min da ita. Na mayar da ita bayan ƙofa.

Za a sake gwada ɗaya hannun. In ban dame ku ba, ku ba ni izini in sake rubuto muku, ko na sa rigar ko ban sa ba.