Maganin Gwaiduwa

Salwa arba'in nake da su a lokacin, cikin wani keji da Baba ya haɗa mini da ragar waya a bayan ɗakin Inna. Tun da na gama sakandare a Bagudo ban samu ci gaba ba, su ne suka zama aikina. Wata mata da ke tsallako iyaka daga Benin duk ranar kasuwa ita ke kwashe ƙwan. Rannan ta fasa ɗaya a gabana, ta taɓe baki, ta ce gwaiduwar ta koɗe kamar koko, mutanenta sun fi son mai ja irin ta zabuwa. In ban gyara ba, za ta nemi wani wurin saye.

Sai na tuna malamin noma ya taɓa gaya mana a aji cewa launin gwaiduwa daga abincin tsuntsu yake fitowa. Na shanya jan tattasai, na busar da ganyen zogale a inuwa, na daka su lukui, kullum ina barbaɗa kaɗan a abincinsu. Farar masara ma na canza ta da ja. Kafin sati uku gwaiduwar ta koma kamar an ɗiga mata manja.

Murna ce ta sa na kai wa maƙwabciyarmu, matar wani masunci, ƙwai goma kyauta, ta dafa wa 'yarta mai shekara huɗu. Bayan kwana biyu yarinyar ta kwanta da zazzaɓi, har da jijjiga. Uwar ta fasa ɗaya daga cikin ragowar, ta ga launin da ba ta taɓa gani ba.

Da hantsi suka shigo, ita da matan unguwa kamar shida, ƙwan na cikin kwanon sha. Ina tsugune ina wanke mazubin ruwan salwar. Ko sallama ba su yi ba.

"Ke ɗiyar ga," in ji uwar yarinyar, "mi kinka ba tsuntsayen nan?"

"Magani na sa musu, Goggo. Na gwaiduwa."

Wallahi haka muke cewa. Duk abin da aka zuba wa kaji a ruwa ko a dusa, magani muke ce masa. Sai da na ga fuskar Inna na gane abin da su suka ji.

Wata tsohuwa ta gyara tsayuwa. "Kun dai ji da bakinta. Wa ya ba ki shi?"

"Malaminmu ne ya koya mini."

"To, ga malam, ga magani. Mi ya rage?"

Na ce malamin makaranta nake nufi, na boko. Ba wadda ta saurara. Na ruga ɗaki na ɗauko garin don su gani, ga shi kuwa a ƙulle cikin baƙar leda, jajir da shi. Suka ja da baya. Na kwance, na lasa a gabansu, na ƙware ina tari, hawaye na zuba.

"Ai mai abu, abinsa ba ya kama shi," in ji tsohuwar.

Inna tana ta cewa su ji tsoron Allah, tattasai ne, ita ma ta taya ni daka. Wannan ma sai ya zama mu biyu ke nan.

An ɗauki yarinyar a babur zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce, kuma ta tashi. Na ɗauka shi ke nan. Amma a unguwa cewa aka yi Allah ne ya kiyaye, an gano da wuri. Labarin ya riga ni zuwa kasuwa. Matar Benin ta aiko cewa ta gode, kar in ƙara ajiye mata ƙwai.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya dawo daga masallaci ranar Juma'a ya zauna, ya ce, "Na san ba ki yi komi ba. Amma da mutanen ga muke zaune." Ya ɗauko wuƙa.

Ni na riƙa kamo masa su, don hannuna kawai suka saba da shi, ba sa gudu. Ɗaya ɗaya. Inna ta fige, ta soya, ta aika gida uku. Duka ukun suka dawo da kwanon a rufe, ba a taɓa naman ba.